Katakon Burodin Lalla Zuhur

Garin Sale, ranar Talata

Ɗiyata Ibtisam,

Ina gaishe ki da kyau. Ya aiki, ya sanyin Beljiyam? Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata da ba ta jin magana.

'Yarki Widad ta zo ta ɗaya a darasin zama ɗan ƙasa nagari. Ta haddace haƙƙin maƙwabci tsaf, tana zuba min shi kamar rediyo. Amma jiya da idona na ga ta tsallake katakon burodin maƙwabciyarmu Lalla Zuhur ta wuce makaranta abinta.

Kin san yadda muka taso: mace ta kwaɓa burodinta, ta ɗora a katako, ta rufe da ƙyalle, ta ajiye a ƙofar gida, duk wanda ya fara wucewa ya kai mata tanderu. Yanzu kowa idonsa na kan waya. Ƙafafun Zuhur sun daina kai ta ko bakin lungu, har sau biyu kwaɓinta ya yi tsami a ƙofa cikin rana. Labari ya kai wa ɗanta Abdulhak, ya ce ranar Juma'a zai zo ya tafi da ita Kasablanka, tunda unguwa ta mutu. Zuhur ta yi kuka, ni ma na taya ta. Tare aka kawo mu lungun nan muna amare, ba na so ta tafi.

Na zaunar da malamar taki na ce, "Maƙwabcin cikin littafin nan, a wace unguwa yake?" Ta tura baki, amma yau da safe ta ɗauki katakon. Ki yi mana addu'a.

Mahaifiyarki,
Kanza

Sale, ranar Asabar

Ɗiyata Ibtisam,

Gaisuwa da fatan alheri. Tarin naki ya sake ki? Ki zauna kafin ki karanta, don ni har yanzu haƙarƙarina na ciwo saboda dariya.

'Yarki ba ta iya yin abu da sauƙi ba, irin ki. Ta tara yaran lungu ta zama shugabarsu, har kwaɓin da bai gama tashi ba suke son ɗauka. Jiya da safe tana ɗauke da katako biyu, namu da na gidan Hajja Batul, sai ga na Zuhur a ƙofa, yara duk sun yi gaba. Wani mutum ya shigo lungun da kwat da jaka. Ba ta san shi ba, ni kuwa daga taga na gane Abdulhak ne.

Ta sha gabansa ta ce, "Baffa, a nan duk wanda ya fara wucewa shi ke ɗauka."

Ya ce, "Ni baƙo ne, 'yata."

Ta ce, "Baƙo ba ya cin burodi? Sunkuya, tsohuwa ce, ba ta da kowa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya tsaya yana kallon ƙyallen, sannan ya aje jaka, ya ɗora katakon uwarsa a ka, ya bi bayanta har tanderu. Baba Idris mai gasa burodi ya ga shaidar yatsu uku da Zuhur ke yi wa burodinta, ya ɗaga kai ya ce, "Au, Abdulhak! Har yanzu kai ake aika? Kada dai ka cinye gefe a hanya kamar da."

Abdulhak da kansa ya koma ya ɗauko burodin da zafinsa. Zuhur ta ce min da ya shigo, gefe ɗaya a gutsure yake, idonsa kuma ya yi ja.

Yau ya koma Kasablanka shi kaɗai. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Kafin ya tafi ya nemo Widad ya ce, "Tsohuwar nan tana da ɗa, ki sani." Ta ce, "To ya riƙa wucewa ta nan."

Zuhur na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki,
Kanza