Jakin Ari a Sama

Gure, daren Lahadi.

Da idona na ga jakin abokina Ari yana lilo a sama, ƙafafunsa huɗu ba ko ɗaya a ƙasa.

Abin da ya jawo duk wannan shi ne wasan wayar nan da na sa ƙanena ya saya mini a Damagaram, wanda ake jera kaya a kan katako, a daidaita nauyi kar su rushe. A fadarmu ta shan shayi, Sani ya ce sayen wasa hauka ne, ga na kyauta birjik. Ni kuwa na kafe cewa wannan daban yake, yana koya wa mutum dabara. Ari ya fi kowa kamuwa, har shayinsa hucewa yake yi.

Bai daɗe da fara sana'ar amalanke ba. Yau a kasuwa ya ce zai yi lodi irin na wasan, ya tara nauyi a baya don jakin ya ji sauƙi. Ana ɗora buhun ƙarshe, gaban amalanken ya ɗaga. Igiya ta shaƙe jakin, sai da muka yanke ta da wuƙa. Geron mutane ya watse cikin rairayi.

Jakin yana raye, amma ya ƙi tashi. Da shi Ari ke ciyar da gidansa.

Bai zage ni ba. Kallona kawai ya yi, ya ce, "Isa, a nan ina ake dannawa a sake daga farko?"

Ko Sani bai yi dariya ba.