Kafso a Cikin Kokon Nana

Daren Laraba, Kusada

Nana ta samu barci, ni ko idona biyu. Tun farkon mako maƙogwaro ke damunta, ga zazzaɓi, ko yawu da ƙyar take haɗiyewa. Ni da babanta mun gama magana cewa ba za a ba ta kafso ba sai an gwada, tunda bara da ta sha na kemis jikinta duk ya feso da ƙuraje. Shi da bakinsa ya ce, "Na yarda, Maman Nana."

Yau na kai ta asibiti Kankiya. Malamar asibitin ta ɗauko tsinken auduga za ta shafo maƙogwaron, ta tambaye ni ko yarinyar ta sha wani magani. Na ce, "Wallahi ba ta sha komai ba sai na zazzaɓi." Sai Nana ta ja mani mayafi ta ce, "Mama, Baba yana fasa kafso ya zuba mani a koko. Ya ce kar in faɗa maki."

Malamar ta dube ni, ta ce yanzu ba lalle gwajin ya nuna gaskiya ba. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na tare shi da maganar, cewa ya yi wai tausayinta ya ji. Ya sa na rantse da Allah a kan ƙarya, ya koya wa ɗiyata ɓoye mani magana. Kuma kokon nan ni ke dama shi kullum da safe, in miƙa mashi da hannuna, ina ta murna wai uba na kula da ɗiyarsa.