Ƙwayar Ƙarƙashin Harshe

Alhamis, 22 ga Satumba, 2005
Mun dawo daga asibiti a Kano. Likita ya ce jijiyoyin da ke kai wa zuciyata jini sun matse. Ba ya warkewa, in ji shi, amma ana zama da shi shekaru in an kiyaye magani, an rage gishiri, an bar ɗaga duron shinkafa. Ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi, in ƙirji ya ɗaure in sa ɗaya ƙarƙashin harshe. Ya dubi 'yata Murja ya ce, "Mama, har auren 'ya'yan wannan kya iya gani." Na ce Allah Ya sa. Ban ji komai ba. A mota shinkafar bakin hanya kawai nake kallo, ta fara nuna.

Talata, 4 ga Oktoba
An ɗauki azumi. Maganin safe na mayar da shi sahur. Na harshen ne ban san yadda zan yi da shi ba.

Juma'a, 7 ga Oktoba
Na sa Baban Murja ya tambayo Malam Hambali. Wai an yi wa marar lafiya rangwame, in sha in rama. To ni da nake tsaye da ƙafata ina turara shinkafa shanshera, da wane baki zan kira kaina marar lafiya? Ban faɗa wa Baban Murja haka ba.

Laraba, 12 ga Oktoba
Ciwon ya kama ni wajen shanya. Kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, har hannun hagu. Na zauna ina hailala har ya saki. Iyatu maƙwabciya ta leƙo ta katanga: "Yaya Rekiya, an ce miki da azumi a baki ake shiga Aljanna? Sa abin nan mana!" Murmushi na yi. 'Yar kwalbar ƙwayoyin na ƙulle a bakin zanena.

Lahadi, 16 ga Oktoba
Ba komai. Miya salam.

Asabar, 22 ga Oktoba
Yau ciwon bai saki ba. Murja ta zo wuni, tana tankaɗe tana ba ni labarin haƙorin jaririnta, ba ta lura ba. Na shiga ɗaki. Ƙullin ya ƙi kwancewa, da haƙori na kwance shi. Na sa ƙwayar. Kai ya sara, ƙirji ya sauka. Yawu dai ban haɗiye ba, iya iyawata. Na kai azumin har magariba, ban gaya wa kowa ba.

Na yau zan rama shi saboda kokwanto. Ba yanzu ba. Sai an gama dashen tumatir, gari ya yi sanyi. Ko bayan babbar salla ma.