Makullin Bas ga Jikata Mai Son Hawa Kumbo

Da sunan Allah. Ni Sabo Direba na unguwar Sih a Madina, hankalina garau yake, duk da ƙaramin ɗana Saif yana cewa na fara ruɗewa. Ƙafafu ne suka gaji, ba kai ba. 'Yata Radiyya ke rubutawa tunda ban shiga makaranta ba, kuma na hana ta gyara mini magana.

Na ɗaya. A binne ni a maƙabartar Baƙi'a. Saboda ita ko Jidda na ƙi zuwa tun da na bar tuƙi, kada ajali ya same ni a waje.

Na biyu. Gida a raba yadda shari'a ta ce. Talabijin kuwa a ba maƙwabcina Bakri. Ranar da aka nuna 'yan ƙasar nan sun hau kumbo zuwa tashar sararin samaniya, ya ce wai fim ne. Tun ranar ban sha shayinsa ba. Na yafe masa, amma ni ke da gaskiya.

Na uku, kai Hamid, babbana. 'Yarka Sundus ta samu gurbin karatun kumbo a jami'a ka hana, wai in ta mutu a sama wa zai kawo ta Baƙi'a. Wannan tsorona ne na tsoho, kada ka ɗora wa yarinya. Ka bar ta ta tafi kafin gurbin ya wuce, halas, magana ta ƙare. Kumbon nan fa bas ne: ya kwashi fasinja, ya sauke su a tasha, ya dawo da na can. Aikin da na yi ke nan tsakanin Madina da Makka har gemuna ya yi fari, ban taɓa baro kowa a hanya ba.

Abin da ban yarda da shi ba, Saif ya ce kumbon da kansa yake fakin, ba direba. Haka aka raina mu da jirgin ƙasa ya zo.

Don haka na huɗu. Makullin tsohon bas ɗina, wanda na ƙi mayar wa kamfani, na Sundus ne. Ta hau da shi, da dabinon ajwa, ta yi addu'ar tafiya kafin a tayar. In kumbo ya karkace wajen fakin, ta karɓi sitiyari. Jinina ce.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Kada tuwon Juma'a da muke taruwa mu ci ya mutu bayana. Ranar da za ta tashi kuwa, ku taru gabaki ɗaya a gidan Bakri, ku zaunar da shi a gaban talabijin ɗin.