Na'urar da ke Kan Gadon Zahida

Lille, Faransa

Mma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya tarin nan naki?

Na'urar auna iska da na kafa a kan rufin gidanmu ta fara ba ni tsoro. Kin tuna na ce miki ƙarnin kifi da warin kwata suna sakin wani sinadari da a Turance ake kira amine. Idan ya haɗu da hayaƙin babura da na jiragen ruwa, sai su dunƙule su zama ƙura mai laushi da ido ba ya gani, ta shige huhu. Tun bayan Sallah adadin ƙurar da na'urar take aiko mini ya ninka. An buɗe wata masana'anta ne a Zongo?

'Yarki, Zahida

Zongo, Lomé

Zahida,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, tari kuma ya zama ɗan gida.

Babu wata masana'anta. Ni na sauko da abarki. Ke da kika yi boko kin manta iskar teku tana cin ƙarfe? Kuma a gidan nan ba a barin amanar mutum a waje. Na sa ta a kan gadonki, na jona mata wuta, ina goge ta kullum.

Maƙwabta sun yi ƙorafin hayaƙi, shi ya sa na dawo da bandar kifina cikin soro, dab da ɗakinki, ina rufe ƙofar waje. Tun da ƙanwarki Hannatu ta bi mijinta unguwar Avédji babu mai shigowa. Abar taki tana wani ɗan huci. Ina juya kifi ina jin ta, sai in ga kamar akwai mutum a ɗakin. Har hira nake mata, kada ki yi dariya.

Allah ya yi miki albarka.

Mmanki, Meimuna

Lille

Mma,

Ban yi dariya ba. Kuka na yi a labo, ɗakin bincikenmu, a gaban mutane.

Ashe duk watannin nan ba iskar Lomé nake aunawa ba, abin da kike shaƙa ne. Aikina ya lalace, wannan bai dame ni ba. Mma, don Allah ki fitar da murhun tsakar gida yau, maƙwabta su yi ta faɗa. Ki je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinki. Na'urar kuma a mayar da ita sama. Zan zo idan na samu hutu.

Ki yafe mini nisan da na yi.

Zahida

Zongo

Zahida,

Bayan gaisuwa, na yi duk abin da kika ce. Murhu yana waje, abarki tana sama, ɗakinki ya yi tsit.

Likita ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce ranar da zan koma in zo da wani nawa, ba maganar da mutum zai ji shi kaɗai ba ce. Ya tambaye ni wa nake da shi a gida.

Ban ba shi amsa ba tukuna.

Mmanki