Iya, Me Kike Zubawa a Burodin Nan?

Zuwa ga uwargidana, Iya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Jikanki ne Habu, mijin nan naki da kika ce kin gaji da shi don ba ya kawo cefane. Shekara biyu ke nan da kika tafi kika bar ni gwauro a Sheme, kuma har yau ban kalli wata tsohuwa ba.

Na san ba ki karanta boko, ni ma a waya na tsince shi. Masu karantawa a nan su yi haƙuri da rubutuna, maganar miji da mata ce, su leƙe kawai suke yi.

Tambaya ce ta kawo ni, amma bari in fara da labarin gida.

Ɗanki ba shi da lafiya. Bayan girbi zazzaɓi ya kwantar da Baba, aka kai shi asibiti Funtuwa. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da bakinshi. A kawo tuwo ya kalla ya kau da kai. Fura kurɓa biyu ya ture. Likita ya ce maganin ba zai yi aiki a cikin da babu komai ba. Mutumin da in ya ja sallah ake jin muryarshi har bakin titi, yanzu na'ibi ke jan mutane, shi yana kwance rigarshi ta yi mashi yawa.

Wata Laraba Umma ta durƙusa gabanshi ta ce, "Malam, don Allah faɗi abu guda da ranka ke so." Can ya ce, "Burodin Iya."

Kin ga abin da kika ja mana.

Ga waɗanda ba su taɓa ci ba, ku sani ba irin na mai shayi ba ne. Naki ba fari ba ne, ja-ja ne, ba sukari, sai albasa da attaruhu da ɗan daddawa da man gyaɗa. Kina zuba ƙullun a gwangwanayen tumatir, ki jera su kan yashi cikin babbar tukunya, ki ɗora garwashi kan murfi. Amma ƙarƙashin albasar akwai wani ƙamshi, ɗan tsami-tsami, ɗan ɗaci-ɗaci, wanda ban taɓa jin shi a wani abinci ba. Duk wanda ya tambaye ki me kike sawa, amsarki ɗaya ce: "Fulawa da ruwa da rashin tambaya."

Kin tuna ranar da na zare guda daga ƙarƙashin zane na ajiye maki tubali a wurinshi? Da aka zo rabon tuwo sai ga tubalin cikin kwanona, har kin zuba mashi miyar kuka. Kika ce, "Ci, maigida, kai ka gasa shi."

To, Umma ta fara gwadawa da yistin kanti. Ya tashi kamar matashin kai, ya yi kyau a ido. Baba ya shinshina ya ce, "Allah ya yi maki albarka, amma ba shi ba ne." Daga nan na karɓi aikin. Na kwaɓa da nono, ba shi ba ne. Na kwaɓa da ruwan tsamiya, ba shi ba ne. Na sa ruwan gasarar koko. Na sa kanwa, wannan kam ko akuya da ta shinshina sai ta dube ni ta wuce. 'Yan majalisarmu suka sa mani suna Hajiya Habu, wai in na gama in zo in yi masu kitso. Har Ƙanƙara na je wurin wani mai gidan burodi, ya ce ai burodi da daddawa ba sa haɗuwa. Na ce mashi kai dai ba ka san matata ba.

Kwana goma sha ɗaya ina ɓarnar fulawa, Baba yana ƙara ramewa. Umma ce ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, in akwai wanda ya sani a duniya, to Inna Auta ce.

Ba mu cika maganar wannan ɓangaren a gida ba, amma ba ɓoyayyen abu ba ne. A ƙauyen Maguzawa aka haife ki, can gaba da Damari, kika musulunta da za ki auri kakanmu. Ƙanwarki Inna Auta tana nan inda kika bar ta, a kan al'adar iyayenku. Rabona da ita tun zaman makokinki.

Na hau mashin na tafi. Iya, da ta fito daga ɗaki sai na ɗauka ke ce. Tafiyarki, goshinki, har yadda kike ɗaure ɗankwali a karkace. Ta ce, "A'a, mijin yayata. Ka zo ka gaje ni ne? Ni ba ni auren mai ƙafa kamar sillen kara." Na ce ai ni ma ba na son mai haƙori uku. Muka gaisa, na faɗa mata abin da ya kawo ni.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Aradu, duk shekarun nan ba ta faɗa maku ba? Taho ka gani."

Ta ja ni bayan gida, inda wasu manyan tukwane uku suke a rufe. Ta ɗaga faifan guda. Ban ma leƙa ba tukuna ƙamshin ya buge ni. Shi ne. Ƙamshin nan na ƙarƙashin albasa, ƙamshin ranar da kike gashi. Na leƙa, sai ga ruwa ja mai kauri yana tafasa, kumfa na tasowa tana fashewa, kuma babu wuta ƙarƙashin tukunyar. Na duƙa na duba da kyau, ko toka babu.

Ta ce, "Giya ce, ɗan liman. Ko ba ka taɓa ganinta ba?"

Da na san kunya da sai in ja da baya in yi a'uziyya. Maimakon haka zama na yi na fara tambaya. Ta ce dawa ake jiƙawa, a shanya a rufe da jiƙaƙƙen buhu har ta tsira, a busar, a niƙa, a dafa, a tace, a rufe a bari. Na ce to wa ke tafasa ta bayan an sauke? Ta ce ita ke tafasa kanta. Na ce da me? Ta ce abin yana da rai. Na ce wane irin rai, yana ci ne, yana barci? Ta ce ranar farko barci yake, yara ma suna sha, zaƙi ne kawai kamar kunu. Rana ta biyu ya motsa. Rana ta uku ya tashi, in ka sha shi ma ya tashe ka. Na ce to a cikin burodi ina yake zuwa? Ta ce, "Kai, tambayarka ta fi cikinka yawa." Mahaifiyarku, in ji ta, da ludayi biyu na 'yar kwana uku take kwaɓa fulawa, ku biyun a wurinta kuka koya. Ta cika mani ƙaramar gora ta toshe bakin da tsumma.

Ki dubi mijinki a hanya, ɗan liman guda da gorar giya cikin riga. Duk wanda ya ɗaga mani hannu sai in ga kamar ya sani.

Washegari da hantsi na kwaɓa a bayan rumbu. Na rufe, na zauna ina gadi. Iya, ƙullun nan numfashi yake. Na sa kara na yi alama a jikin ƙwarya, kafin azahar ya haye alamar. Na danna da yatsa, ramin ya cike da kanshi a hankali. Na jera gwangwanaye, na ɗora garwashi. Ba a jima ba Umma ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya tsakar gida. Sai ga hawaye. Ta ce, "Ita ce."

Kin fi kowa sanin sana'ata. Ni ne na sa rabin majalisarmu suka tafi Pauwa kallon maraƙi mai kai biyu. Ni ne na ɗaure wa mai gadin kasuwa takalma yana gyangyaɗi. A duk tsiyar da na taɓa shiryawa babu mai sauƙin wannan, don ba sai na yi ƙarya ba, shiru kawai zan yi. Mutum zai ci, magani zai kama, ya tashi. Har na ce a raina, ashe gado na yi. Ashe tsohuwar nan shekara arba'in tana yi wa gidan malamai abin da ni ko a mafarki ban isa ba.

Na ɗora biyu a faranti na shiga. Na tarar Baba ya riga ya tashi zaune da kanshi, abin da ya yi sati uku bai yi ba. Ƙamshin ya riga ni isa. Ya miƙo hannu.

Sai na ji bakina ya ce, "Baba, kafin ka ci, da giyar Inna Auta na kwaɓa."

Har yanzu ban san wa ya aiki bakin ba.

Ya janye hannun a hankali ya ɗora kan gwiwa. Na ga maƙogwaronshi ya motsa, yawu ya haɗiye. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya ce, "'Yar kwana nawa ta ba ka?"

Na ce uku.

Ya ce, "Auta ke nan. Ba ta taɓa jin magana ba."

Ashe ya sani. Ya ce shekarar da ya dawo daga karatu Zariya, ke da kanki kika kira shi ɗaki kika faɗa mashi yadda kike yi, kika ce tunda yanzu an yi malami a gida, ya faɗa maki gaskiya ko da ba za ta yi maki daɗi ba. Ya faɗa maki. Kika yi wata biyu ba ki gasa ba, kina ta gwaji kamar yadda nake yi yanzu. Daga ƙarshe kika samo hanya: ki tsirar da dawarki da kanki a bayan ɗaki, ki dafa, ki kwaɓa da ruwan a ranar, tun yana barci, ki haɗa da ɗan curin tsohon ƙullu da kike ragewa kowane gashi. Ashe dawar nan da kike cewa ta kunu ce, ba ta kunu ba ce.

Na ce to na kafin nan fa? Ya ce, "Wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, kuma Shi mai gafara ne. Ni ma na ci rabona ina yaro." Na ce me ya sa ba a taɓa faɗa mana ba? Ya ce, "Ita ta hana. Ta ce ranar da Habu ya sani, Sheme ta sani."

Kin yi gaskiya. Amma na nemi izini kafin in rubuta, ya ce ba abin kunya ba ne a ce uwarshi ta yi tambaya ta kuma yi aiki da amsa.

Bai ci ba, Iya. Ya ce in naɗe in mayar wa Auta, in gaishe ta, in ce ɗanta ya gode. Na fita da farantin ina jin kamar ni na cire mashi loma daga baki. Da na yi shiru da yanzu ya ƙoshi. Wannan tunanin bai sake ni ba har na je Damari na dawo.

Yau kwana huɗu da na jiƙa dawa. Tana bayan ɗakinki ƙarƙashin buhu, ta fara fitar da fararen ƙafafu ƙanana. Baba ya sa an kai mashi tabarma wurin, wai ba zai bar ni in lalata ba. Yana zaune jingine da bango yana ba da umarni: ruwan ya yi yawa, ɗaga buhun ta sha iska, kore kajin nan. Shekaranjiya ya tambaye ni saura kwana nawa. Na lissafa mashi tsira da shanya da niƙa, na ce kamar mako guda. Sai ya ce wa Umma, "Kawo kunun nan. Kar dawa ta riga ni tashi." Ya sha rabin kofi. Jiya ya shanye. Yau da safe har da ƙosai biyu, yana ci yana cewa ba daɗi.

Ga tambayar tawa. Curin tsohon ƙullun nan ya tafi tare da ke, ba wanda ya san a ajiye shi. Baba bai san yadda kika tada na farko ba, Inna Auta kuma ta ce ita ba ta san burodin Musulmi ba. Na dama 'yar fulawa da ruwa a ƙwarya na rufe, kullum da safe ina buɗewa in shinshina in kara kunne. Yau na ga ƙananan idanun kumfa guda uku a samanta. Shi ne, ko lalacewa ta fara? Kwana nawa kika jira? Me kika gani kika san ya yi? Ina tsoron in gama duk wannan in kai mashi ya shinshina ya ce ba shi ba ne. In an ba ku dama a can, ki zo mani a mafarki ki nuna mani sau ɗaya. Ba zan yi maki tsiya ba, zan zauna kamar mutumin kirki.

Allah ya jiƙan ki, Iya. Allah ya yafe maki na kafin tambaya da na bayanta, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba ɗanki lafiya ya mayar da shi gaban sahu. Allah ya ja kwanan Inna Auta, ya haɗa mu da ita a kan alheri. Amin.

Bari in tsaya nan, Baba na kira. Ya ce buhun ya bushe.

Naki har kullum,
mijinki,
Habu