Taswirar da Baba Ya Ba Uku Bisa Goma

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar taka, kumburin ya sauka? Ya Mama, ya su Yaya da yaranta? Ni lafiya lau nake, sai kewarku.

Baba, ƙara na kawo, kuma ƙararka ce. Yaya ta ce da maƙwabta suka tambaye ka aikina, cewa ka yi ina ofishin masu binciken teku amma ko ƙafa ban taɓa tsomawa a ruwa ba, sai buge-buge a baƙin allo kamar mai rubuta wa aljanu wasiƙa. Haba Baba! Bari in sake yi maka bayani. Akwai wata ƙatuwar kwamfuta a ƙasan benenmu da ke kwaikwayon teku, tana lissafa yawan ruwan da ke tafiya da inda ya nufa. Lambobi kawai take amayowa, layi-layi, ba iyaka. Ni kuma sai in rubuta umarni a baƙin allon nan: ɗauko wannan fayil, zana bakin teku, ɗora kibiyoyi a kai. Ina dannawa taswira ta fito, kowace kibiya na nuna inda ruwa ke gudu. Abin da ka shekara talatin kana zanawa da alli a aji huɗu, shi nake yi a minti biyu, kuma ba na komawa gida fari fat.

Ga labari mai daɗi. Taswirar da na fitar makon jiya ta nuna babban ruwan nan da duk littattafai suka ce gabas yake gudu, yamma ya nufa. Da Farfesa, shugaban sashenmu, ya gani, a kan kwandon shara ya zauna, ya ɗauka kujera ce. Ya ce teku ya juya, kuma mu ne farkon gani. Zai nuna ta ga manyan baƙi a taron ƙarshen wata. A makon ne kuma za a yanke ko a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni, don wata shidan gwajina sun cika.

Ga kwafi nan. Ka manna a falo, daidai inda maƙwabta ke zama.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Na ji ƙafa ta yi sauƙi, alhamdulillahi.

Saƙonka ya iso. Na ce ka manna a falo, kai kuma ka dawo mini da ita da jan biro. Uku bisa goma, Baba? Ni da digiri biyu? Har da rubuta cewa ukun ma na kyan launi ne, da "Ki same ni" a ƙasa. Kwana biyu na yi ina fushi, takardar na cikin aljihun tebur ƙarƙashin kofin shayi.

A rana ta uku na ɗauko don in nemo inda ka yi kuskure in rama. Sai na ga da'ira biyun da ka zana. Ɗaya a kan tsibirin nan na arewa da kake ce mana yana kama da kunnen akuya, inda kibiyoyina suka bi ta kansa suka wuce abinsu. A gefe ka rubuta cewa ruwa ba ya hawa tsibiri. Ɗayar kuma can kudu, tsakiyar teku, inda babu kibiya ko ɗaya, fili fetal, kuma filin kunnen akuya ne sak, sai dai a kife. Nan take na koma baƙin allo na buɗe umarnin da na rubuta.

Kwamfutar ƙasan bene daga kudu take jero layukanta zuwa arewa. Ni kuma na umarci tawa ta karanta daga arewa zuwa kudu. Wato ƙasa na zaune daidai, ruwan ne na shimfiɗa mata a juye, kamar yadda Mama ta taɓa ɗinke hannun rigarka ta baibai. Shi ya sa wani ruwan mai gudu yamma ya hau gurbin babban ruwan nan. Kalma ɗaya na gyara a layi na goma sha bakwai, na danna, sai ga teku ya koma gabas salin-alin yadda yake tun fil azal. Daktoci biyar suka duba taswirar nan, kowa idonsa na kan kibiyoyi, ba wanda ya kalli ƙasa.

Yanzu ga halin da nake ciki. Farfesa ya sa an buga ta da girman ƙofa, ya ɗinka sabuwar kwat, yana ta gwada jawabi a gaban tagar ofis. Dogo, abokin aikina da muke tebur ɗaya, ya ce in yi gum har a ba ni takardar tabbatarwa, daga baya mu gano kuskuren tare. Baba, ba zan ɓoye maka ba, shawarar ta zauna mini. Ina son aikin nan, ina tsoron in dawo gida da akwatina. Amma duk sanda na rufe ido, jan biron nan nake gani. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Auta

Babana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Mama kuna cikin ƙoshin lafiya. A gaida Yaya, a ce ta daina kirana tana tambayar kunnen akuya.

Na faɗa masa. Saura kwana huɗu taro na shiga ofishin Farfesa, na ajiye masa taswira biyu, ta ƙarya da ta gaskiya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya dubi kwat ɗinsa da ke rataye a bayan ƙofa har ta ba ni tausayi. Can ya tambaye ni wane masani ne ya gano. Na so in ce ni ce, Allah ya sani na so. Sai na zaro taka mai jan biro na miƙa masa.

Ya karanta har "Ki same ni", sannan ya yi dariyar da sai da masinja ya leƙo. Ya ce malamin nan yana da sassauci, shi biyu zai ba ni, ya ba kansa sifiri. Bayan haka ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba, na tsaya na shanye, don ni na jawo.

An yi taro da taswirar gaskiya, ba wanda ya tafa, ba kuma wanda ya ji kunya. Babbar ta ƙarya tana manne a bangon ofishinmu yanzu, taka a gefenta cikin gilashi, kuma an kafa doka: kafin kowa ya kalli kibiya, ya fara neman tsibiri. Jiya aka ba ni takardata. An tabbatar da ni, Baba.

Na tuna yadda kake hana mu taɓa shuɗin fensir sai mun gama zana ƙasa, ina kuka ina cewa mugunta ce. Ka yafe mini maganar fari fat.

A cikin ambulan ɗin nan akwai sababbin taswirori goma sha ɗaya da jan biro guda biyu. Ba Farfesa ne ya aiko ba, ni ce. Ka duba a tsanake, kada ka sassauta. Batun "Ki same ni" kuma, na karɓi hutu, ina tafe ranar Asabar.

Ɗalibarka,
Auta